Ranar da ƙwallo ta sallami Yayana

Jiya da daddare a majalisarmu wani ya ɗaga wayarsa ya nuna mana hoton wani tsohon ɗan ƙwallo kwance a gadon asibiti, ana neman a taimaka masa da kuɗin magani. Kafin kowa ya ce Allah ya ba shi lafiya, sai wani daga gefe ya ce, "Ai su suka so. Lokacin da suke samu a mata da motoci suka ƙarar." Aka yi dariya, aka wuce zuwa wata hirar. Ban tanka ba, amma maganar ta hana ni barci, domin a gidanmu akwai tsohon ɗan ƙwallo, kuma na ga da idona yadda rayuwa ke juyawa ranar da aka daina kiran sunan mutum a fili.

Yayana ya yi shekara goma sha uku yana buga gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya. Ɗan baya ne, lamba biyar. Ƙungiya huɗu ya yi wa wasa, biyu a Arewa, biyu a Kudu. Bai taɓa zuwa Turai ba, ba a taɓa kiransa Super Eagles ba, amma a unguwarmu babu wanda ya kai shi suna. Kyaftin ake ce masa, har limamin masallacinmu haka yake kiransa. Yana aji biyar na sakandare ya bar makaranta saboda wata ƙungiya ta ɗauke shi, kuma duk gidanmu babu wanda ya ce masa ya tsaya ya ƙarasa. Murna muka yi. Albashinsa na farko ya fi na mahaifinmu, wa zai kawo zancen jarrabawa a ranar?

Wata Lahadi, ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, ya tashi sama zai sa wa ƙwallo kai, ya diro a kan ƙafar hagu, gwiwar ta murɗe. Ina cikin 'yan kallo. Na ga ya ɗaga hannu yana kiran a zo a ɗauke shi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun muna yara muna buga ta ba takalmi. Jijiya ce ta tsinke. Ƙungiyar ta kai shi asibiti sau ɗaya, ta biya kuɗin hoto, daga nan sai waya ta daina shiga. Kwantiraginsa ya ƙare yana kwance, yana bin su albashin wata biyar da ragowar kuɗin sa hannu, har yau ɗin nan ba su biya ba. Fulotin da ya saya da nufin gini shi aka sayar aka yi masa tiyata. Shekararsa talatin da ɗaya, da mata, da yara uku, da gidan haya, ba shi da ko takardar gama sakandare.

To ga abin da mai dariyar jiya bai lissafa ba. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne bayan shekara 35 yana aiki ko in ya cika 60, yaransa sun girma, kuma akwai fansho ko da ana jan ƙafa wajen biya. Shi ɗan ƙwallo ritayarsa tana zuwa ne lokacin da sa'anninsa suka fara tsayawa da ƙafafunsu, yaransa na firamare, iyayensa sun fara rauni, ƙannensa na makaranta. In Allah ya yi masa tsawon rai, abin da ya rage a gabansa ya ninka shekarun da ya yi a fili har sau uku. Kuma yawancin 'yan wasan da ke buga gasar gida ba su taɓa riƙe irin kuɗin da ake zato ba. Muna kallon Ingila da Sifaniya a gidan kallo, sai mu ɗauka duk wanda ya sa riga mai lamba a baya attajiri ne.

Ko waɗanda suka kai ƙololuwa ma ba duka suka tsira ba. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, gwarzon Afirka na 1993, shi ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya riƙe raga yana kuka duk duniya na kallo. Mutumin nan ya kasa rabuwa da fili har sai da ya dawo yana buga gasar gida a 2005 yana da shekara 41. Shekarunsa na ƙarshe a keɓe ya yi su a Ibadan, ya rasu a watan Mayun 2012 yana da shekara 48. Wilfred Agbonavbare, mai tsaron raga a tawagar 1994 ɗin, wanda ya yi wa Rayo Vallecano wasa a Sifaniya, bayan ya bar ƙwallo aikin ɗaukar kaya ya koma yi a filin jirgin saman Madrid, abin da ya tara ya tafi a jinyar matarsa, shi ma cutar daji ta yi ajalinsa a 2015. Gidajen da aka yi wa wannan tawaga alkawari bayan sun ci kofin Afirka a Tunisiya, da yawansu sai a 2021 aka amince a ba su, bayan shekara 27, lokacin Yekini da Agbonavbare da Stephen Keshi duk suna ƙarƙashin ƙasa. Daniel Amokachi, wanda ya taso daga Ranchers Bees ta Kaduna ya ci kofin FA da Everton a 1995, gwiwa ce ta raba shi da wasa tun bai kai shekara talatin ba. Ƙafa ɗaya ce jarin, kuma a cikin daƙiƙa guda take karyewa.

Da can ba haka tsarin yake ba. Kafin a mayar da gasar ta ƙwararru a 1990, ƙungiyoyi da yawa na kamfanoni ne da ma'aikatu. Yekini kansa a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara. Akwai ta NEPA, akwai Bendel Insurance, akwai New Nigerian Bank, akwai BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko. Ɗan wasa da yawa ma'aikaci ne, sunansa na cikin takardar albashi, in ƙafa ta gaji sai ya koma teburinsa ko injinsa. Chioma Ajunwa da ta ciyo mana zinare a tsallen nesa a Atlanta a 1996 'yar sanda ce, da ta gama wasa ta ci gaba da aikinta har ta kai babban muƙami. A tawagar da ta ci kofin Afirka a 1980, Segun Odegbami injiniyanci ya karanta a kwalejin kimiyya ta Ibadan, daga baya ya buɗe makarantar da ke haɗa karatu da wasa a jihar Ogun. Adokiye Amiesimaka lauya ne, ya zama babban lauyan gwamnatin jihar Ribas. Mun rushe wancan tsari, masaƙun ma sun mutu, muka ce mun shiga zamanin ƙwararru, amma ba mu gina komai a madadinsa ba. A Ingila ƙungiyar 'yan wasa, wadda aka kafa tun 1907, tana taimaka wa mambobinta da kuɗin karatu da koyon sana'a, kuma akwai fansho. Mu nan sai dai a ɗauki hoton mutum a gadon asibiti a zagaya da shi.

Bari in koma gidanmu, domin a can ne na ga ainihin abin.

Shekarar farko bayan tiyata, Yaya shago ya buɗe na kayan wasa, riguna da takalma da ƙwallaye. Bai yi wata tara ba ya rufe. Kasuwa ba ta gaza ba, bashi ne ya cinye shi. Yaran unguwa su zo su ce Kyaftin a ba mu saiti ɗaya za mu buga gasa, in mun ci za mu biya. Ɗan uwa ya zo ya ce a ara masa na cefane. Shi kuma bai iya cewa babu ba, domin shekara goma sha uku shi ne mai bayarwa, kuma a ganinsa ranar da ya ce babu, ranar Kyaftin ya mutu. Daga nan wani abokinsa ya ba shi adaidaita sahu. Ya karɓa, amma ba ya ɗaukar fasinja a ɓangarenmu. Sai ya yi asubanci ya tafi can wani gefen gari inda yake ganin ba za a gane shi ba, ya ja hula har gira. Wata rana wani fasinja ya leƙo fuskarsa ya ce, "Kai, ba kai ne lamba biyar ɗin nan ba?" Ya ce masa kama ce. Da ya dawo gida bai ci abinci ba.

A wannan lokacin ne gidan ya fara tsami. Abin da mutane ba sa faɗa shi ne, matar ɗan ƙwallo ta saba zama ita kaɗai. Gasar nan ƙungiya 20 ce, wasa 38 a kaka, rabinsu a waje, kuma a mota ake tafiya, daga nan har Fatakwal ko Uyo. Ba a manta harin da 'yan fashi suka kai wa motar Kano Pillars a 2015 a hanyarsu ta zuwa Owerri ba, inda aka harbi 'yan wasa. Duk matar ɗan wasa da irin wannan fargabar take kwana. Shekara goma Anti, matar Yaya, ita ke kai yara makaranta, ita ke asibiti da su cikin dare, ita ke magana da mai gidan haya, ita ta san nawa ake kashewa a wata. Yara kuwa sun san Abbansu ne a matsayin baƙo mai tsaraba, ya zo kwana uku, a yi wasa, a sha ayis kirim, ya tafi. Yanzu ga shi kullum a gida, ba tsaraba, ga ciwo, ga baƙin ciki, kuma yana so ya nuna shi ne mai gida. Ya hana wannan, ya yi tsawa a kan wancan, ya tambayi kuɗin da aka kashe wa omo. Ƙaramar 'yarsa ta taɓa tambayar uwarta a gabana, "Umma, yaushe Abba zai koma?" Ya ji. Ya tashi ya fita ba tare da ya ce komai ba.

Sau biyu Anti ta tafi gidansu. Ban ga laifinta ba, kuma ban ga nasa ba. Mutum biyu ne da suka yi shekara goma da aure amma ba su taɓa zama wata uku a jere a ƙarƙashin rufi ɗaya ba.

Abin da ya karya lagon girman kan nan kuwa ƙaramin abu ne. Wata makaranta mai zaman kanta tana neman malamin motsa jiki, aka ce ya je. Shugaban makarantar ya tarbe shi hannu bibbiyu, ya ce shi ma ɗan kallonsa ne, suka yi hirar tsoffin wasanni kusan awa guda. Da za a rabu sai ya ce, "To Kyaftin, gobe a kawo mana takardu." Babu takardu. Aka ba wani yaro da ya gama kwalejin ilimi, wanda bai taɓa buga ko gasar unguwa ba. Ranar ya zo ɗakina bayan isha'i, ya zauna a bakin katifa ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Auta, wannan jarrabawar da ake yi ta 'yan waje a ƙarshen shekara, nawa ne kuɗinta?"

Na raka shi ranar farko. Babban mutum mai gemu, yana ɗingishi, ya zauna a benci ɗaya da yara 'yan shekara goma sha bakwai, wasu suna nuna shi suna raɗa. Gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai, sai da ya roƙi mai sa ido ya bar shi ya zauna a bakin layi don ya miƙe ƙafar. Muna cewa gemu ba ya hana ilimi, amma faɗar ta fi aikatawa sauƙi, sai wanda ya shiga ajin da gemun ya san nauyinsa. Karon farko ya faɗi lissafi. Ya sake zama a shekara ta gaba. Babbar 'yarsa, wadda take aji uku na ƙaramar sakandare a lokacin, ita ta riƙa koya masa bayan sallar asuba, su biyu a kan tabarma da fitilar caji, tana cewa, "A'a Abba, in ka tsallako da shi nan sai alamar ta canza." A kan tabarmar nan ne uba da 'ya suka san juna. Karo na biyu ya samu kiredit ɗinsa biyar, ya shiga kwalejin ilimi, karatun Asabar da Lahadi, sashen motsa jiki da kiwon lafiya.

Ra'ayina a nan, kuma a kansa nake tsaye: taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Duk mai gaya wa tsohon ɗan wasa cewa zai iya karatu, ya nemi abinci, ya kula da iyali, sannan ya ci gaba da zama Kyaftin mai raba wa dangi da unguwa, yaudararsa yake yi. Yini ɗaya ne, aljihu ɗaya ne. Dole a sauke wani abu, kuma yawanci abin da ake saukewa shi ne karatun, ko kuma matar da yaran, domin su ne ba sa kai ƙara majalisa. Ni kuwa na ce abin da ya kamata a fara saukewa shi ne nauyin suna. Kuma mutum ba ya iya sauke wannan shi kaɗai, sai dangi sun sauke masa.

A gidanmu Inna ce ta yi wannan aikin, Allah ya saka mata. Ranar wata sallah ta tara mu duka, 'ya'ya da jikoki da ƙannenta, ta ce, "Yaron nan ya ɗauke mu shekara goma sha uku. Shi ya aurar da biyu a cikinku, shi ya biya wa uku makaranta, shi ya rufa mana ɗakin nan. Yanzu ɗan makaranta ne. Duk wanda ya sake kai masa buƙata ban yafe ba." Sannan ta juyo gare ni da 'yar uwarmu ta ce kuɗin makarantarsa a wuyanmu yake. Wallahi ban taɓa biyan kuɗin da ya yi min daɗi kamar wannan ba, domin digirin da nake taƙama da shi da guminsa aka yi shi, da gwiwar nan da ta lalace.

Shi ma ya yi nasa. Ya daina ɓuya da adaidaita, yana ɗaukar fasinja tun daga bakin layinmu. Ya zauna da Anti suka raba ranaku: safiya zuwa azahar na neman abinci ne, la'asar ta yaran da yake horarwa ce, Asabar da Lahadi na lacca, daren Juma'a kuwa babu majalisa, babu kallon ƙwallo, na gida ne. Biki da suna na nesa ya daina zuwa, wasu suka ce ya yanke zumunci, ya haƙura da maganarsu. Lissafin gida ya mayar wa Anti, domin ta fi shi sani, kuma ɗinkin da take yi shi ya riƙe su wata da watanni. Ba na cewa komai ya daidaita. Akwai zangon da ya kusa ajiye karatun saboda haya ta taso lokaci ɗaya da kuɗin makarantar yara. Akwai ranakun da gwiwar ke kumbura har ba ya iya taka birki. Amma Anti ba ta sake tafiya gidansu ba.

Wani zai ce me ya sa bai zama koci kawai ba. Kujerun nawa ne? Ƙungiya 20 a babbar gasa, kowacce babban koci ɗaya da mataimaka biyu ko uku, ga ɗaruruwan 'yan wasa suna ajiye ƙwallo. Kocin ma yanzu sai da takarda, ko kwas na cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Legas, ko lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, kuma duk karatu ne da rubutu da kuɗi. Wani kuma zai ce ga Ahmed Musa nan, ya gina cibiyar wasanni da gidan mai a Kano tun yana tsakiyar wasa. Gaskiya ne, kuma ya yi tunani, Allah ya ƙara masa. Amma Ahmed Musa ya buga a CSKA Moscow da Leicester da Al Nassr. Wanda ke bin albashin wata biyar ba gidan mai zai gina ba. Jarin da ya fi kusa da hannunsa shi ne aji.

Ko wanda ya tara kuɗin ma takardar ta bi shi. George Weah ya ci kyautar gwarzon duniya a 1995, babu ɗan Afirka da ya sake cin ta har yau. Da ya tsaya takarar shugabancin Laberiya a 2005, abin da aka yi ta caccakarsa da shi shi ne rashin karatu, ga abokiyar takararsa Ellen Johnson Sirleaf ta yi Harvard. Ya faɗi. Ya tattara ya koma aji a Amurka, ya gama digiri a 2011 yana da shekara 44, ya zama sanata, sannan ya hau mulki a Janairun 2018. Mutum na iya saɓa masa a kan yadda ya yi mulkin, amma zaman da ya yi a aji bayan duniya ta gama tafa masa abin a sara masa ne.

Abin da ke ƙona min rai shi ne gyaran ba shi da wuya. Yawancin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists, El-Kanemi Warriors, Niger Tornadoes, Plateau United. Gwamnatin da ke da ƙungiyar ita ce dai ke da kwalejin ilimi da kwalejin kimiyya da jami'ar jiha. Me zai hana a ce duk yaron da za a sa wa hannu, in bai gama sakandare ba, ƙungiya ta biya masa jarrabawa a shekarar farko, in ya gama a ba shi gurbin karatu na ɗan lokaci? Ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN, ga cibiyar horar da malamai ta NTI a Kaduna, duk an yi su ne don masu aiki. Ɗan wasa atisaye yake yi safe da yamma, tsakanin nan awa biyar ko shida yana kwance a sansani yana latsa waya ko buga ludo. Yaya da kansa ya ce min da wani ya tilasta masa a waɗannan awoyin, da ya yi digiri biyu. Kuɗin jarrabawar 'yan wasa talatin bai kai abin da ake kashewa a tafiya ɗaya zuwa Kudu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai gwiwa ta tsinke muke fara tambayar ina takardu.

Ku ma iyaye da yayye da ke da yaro mai ƙafa, ina roƙonku da girman Allah kada ku yi irin kuskurenmu. Ku bar shi ya buga, baiwa ce, kuma sana'a ce ta halal. Amma ranar da mai neman 'yan wasa ya zo da alkawarin gwaji a waje, a ce masa sai bayan jarrabawa. In da gaske yake zai jira wata shida. Yaya yanzu yana horar da yara kusan arba'in a filin firamaren unguwarmu, kuma dokarsa ɗaya ce: duk ƙarshen zango kowa ya kawo sakamakonsa, wanda ba ya zuwa makaranta ba ya taɓa ƙwallo. Ya kori wanda ya fi kowa iyawa saboda haka, uban yaron ya zo har gida yana faɗa, Yaya ya naɗe wandonsa ya nuna masa tabon ɗinkin. Bayan sati biyu yaron ya dawo da kayan makaranta a jikinsa.

Yana shekarar ƙarshe a kwalejin yanzu. Asabar ɗin da ta wuce na biya gidansa da sassafe, na same shi a tsakar gida yana ɗaure gwiwar da bandeji, littafi a buɗe a kan cinyarsa, suna da jarrabawa a kan sassan jikin ɗan Adam. Ya ce in matso. Zanen gwiwa ne a shafin, an feɗe ta, ga ƙasusuwa ga jijiyoyi biyu sun gitta juna a tsakiya. Ya ɗora yatsa a kan ta gaban ya ce, "Ka ga wannan, Auta? Ita ce. Shekara shida ina jin zafinta, sai bana na san sunanta da aikin da take yi." Anti ta miƙo masa kunu a kofi, ƙaramar ta ɗauko masa takalmi, ya sa littafin a jaka ya tayar da adaidaitar, yana cewa in zan shiga gari in hau ya sauke ni a hanya.